Faifai na Biyu

Na tsufa. Na san za ku ce yarinyar da ba ta gama sakandare ba ina ta ga tsufa, amma ku saurare ni tukuna. Shekaranjiya ƙanwata ta tsinci faifan sidi a bayan akwatin Kaka, ta juya shi, ta leƙa fuskarta a ciki, sannan ta tambaye ni wane irin madubi ne wannan mai huji a tsakiya. Nan take na ji bayana ya sage. Na jawo kujera na zauna da nishi irin na tsofaffi, na ce mata, "Yarinya, ba ki ga duniya ba." Mu mun gani. Mu ne na ƙarshe da suka riƙe fim a hannu, fim mai gidan roba da hoto a bango, wanda ake hura masa iska a goge, wanda in ya ɓata sai an ɗaga katifa. Ku na yanzu naku yana can sama inda ba mai iya taɓa shi. Da nake jin abin alfahari ne. Yanzu kuwa ban sani ba.

A zamaninmu ranar Lahadi tana da tsawo, har takan kai kwana biyu in ba a yi ruwa ba. Gidanmu yana gindin dutse a nan Zuru, kuma in aka taso daga coci rana ta daki kwanon rufi, sai ka ji yana ƙas, ƙas, kamar yana miƙe gaɓoɓinsa. Mai gidan shi ne kakana, tsohon soja, wanda kowa ke kira Saja, har matarsa. Ni kuma ya naɗa ni Kofur tun ban iya ɗaura zani ba, wai don na fi sauran jikokinsa baki. Babana ma soja ne, kuma shi ya kawo na'urar sidi gidan a wani hutu da ya zo, tare da fina-finai cike da leda. Tun daga ranar falon Saja ya zama silimar unguwa. Sai dai ba a shiga haka kawai. Sai randuna sun cika har baki, awaki sun sha dusa, an share tsakar gida, kowa ya wanke ƙafa ya nuna masa tafinta. Yaran maƙwabtanmu musulmi suna idar da azahar za ka gan su a guje, su ma su ɗauki bokiti, don Saja ba ya tambayar addinin mutum, randa kawai yake leƙawa. Har yau in na ji ƙarar ruwa yana zuba a randar da ta kusa cika, sai in ji kamar za a fara waƙar Indiya.

Kunna fim a lokacin aiki ne na mutum huɗu. Ɗaya ya ja igiyar janareta har ya yi gumi, ɗaya ya riƙe waya a jikin soket don kada ta motsa, ɗaya ya kori kaji. Na huɗun shi ne Saja. Zai buɗe gidan faifan a hankali, ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ya kawo shi bakinsa ya ce haa, sannan ya goge shi da tsohuwar hularsa ta soja, daga tsakiya zuwa waje. Na'urar ta zaro harshenta, ya ɗora mata, ta haɗiye. Daga nan ba mai numfashi. Wani lokaci ta yi ta gurnani ta ce ba ta ga komai ba, sai Saja ya ɗan mare ta a ƙeya, ta tuna aikinta. Ku da kuke taɓa gilashi da yatsa fim ya fito, ba ku san daɗin abin da aka roƙa kafin ya zo ba.

Fina-finan ledar nan duk mun cinye su, wasu sun karce, wasu an ara ba a dawo da su ba. Guda ɗaya ne ya zama namu na kullum. Tsohon fim ne na Indiya, baƙi da fari, hotonsa na yayyafi kamar ana kallonsa ta cikin ruwan sama. Ba fassara a jikinsa, kuma ba ma buƙata, domin Saja ya ce ya iya Indiyanci. Wai wani kukun sojan Indiya ne ya koya masa a wata ƙasa da aka tura su aiki, cikin wata uku, a bakin tukunya. Yarinyar fim ɗin za ta yi waƙa ta tsawon dahuwar wake, tana zagaya bishiya, tana kuka, tana dariya, in ta gama Saja ya ce, "Ta ce ina kwana." Ubanta ya fito yana zare ido yana faɗa, Saja ya ce, "Ya ce wa ya bar akuya ta shiga gona." Mu kuwa mu gyaɗa kai, don mun san zafin wannan magana.

Labarin mai sauƙi ne. Wani saurayi manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, kamar namu sak, yana son wata yarinya mai ɗaukar tulu. Ubanta ya ce yaron ba shi da komai. Saurayin ya shiga soja. Aka zo tashar jirgin ƙasa, jirgi ya yi kuka, ya fara tafiya, yarinyar na bin sa da gudu, gyalenta ya faɗi, hayaƙi ya rufe ta. Sai talabijin ta koma shuɗiya.

A nan faifai na ɗaya yake ƙarewa. Ku sani, a zamaninmu dogon fim a faifai biyu yake zuwa, kowane da gurbinsa. Namu gurbin na biyu fanko ne, kuma tun da na yi wayo haka na gan shi. In ka tambayi Saja yau ya ce ɓera ne, gobe ya ce tun a kanti aka cuci Baba. Abin da ya biyo bayan shuɗin nan shi ne abin da nake kewa fiye da komai. Za a kashe janareta. Shiru ya sauko a kanmu kamar an rufa mana zani mai sanyi, har ka ji kurciya a kan dutse, ka ji wata tana daka can nesa, ka ji kwanon rufi yana hucewa. Sai Saja ya miƙe, ya kafa hular da ya goge faifai da ita, ya tsaya a gaban talabijin. Shi ne faifai na biyu. Ya ce sau uku ya kalli fim ɗin a silima a Kaduna yana saurayi, ba abin da ya manta.

A bakinsa saurayin nan ya yi yaƙin da ba a taɓa yi ba. Ranar da Saja ya ci tuwo ya ƙoshi, abokan gaba dubu ne, ranar da ƙafarsa ke ciwo, arba'in ne kawai. Wani mako ya haye kogi a bayan kada, wani mako kadan ne ya hau bayansa. Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa canzawa ba. Saja zai sa hannu a baki ya yi kukan jirgi, ya ce, "Sai ga jirgi. Ƙofa ta buɗe. Ya sauko da akwatinsa na ƙarfe a kai. Ya dawo." Daidai nan kullum Mama take tsayawa a bakin ƙofa da tire ko tsintsiya a hannu, kamar wucewa take yi, kuma ba ta komawa madafa sai ta ji kalmar nan. Daga nan saurayin ya tara abokansa suka tafi gonar uban yarinyar yin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa a wajenmu kafin a ba shi mata. Shekara bakwai cur. Gonar kuwa, in ji Saja, wanda ya fara kunya da safe ba ya kai ƙarshenta sai da gemu. Na yarda da wannan ƙwarai, har na taɓa yin gardama da malaminmu a aji cewa Indiyawa ma suna golmo. Ya tambaye ni a wane littafi na gani, na ce a falonmu.

Kaka kuwa wurinta ɗaya ne, bakin ƙofa, da ƙwaryar gyaɗa a cinya tana ɓara. Tana kallon waƙoƙin, wani lokaci har ƙafarta na motsi. Amma da jirgi ya yi kuka take sunkuyar da kai, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta sa wa Saja baki a labarinsa ba. Ita da ko gishirin miya ya yi magana a kai sai ta ba shi amsa.

Ban san ranar da zamaninmu ya ƙare ba. Ba a yi shela ba. Na'urar ce ta fara haɗiye faifai ta ƙi amayarwa, mari ya daina yi mata aiki, aka ɗora ta a kan kabad aka rufe da ƙyalle. Wayoyi suka shigo unguwa. Yaran da ke rige-rigen cika mana randa suka koma bakin shago, kowa ya toshe kunnensa, kowa yana dariya shi kaɗai. Lahadi ta gajarce, kana tasowa daga coci ka ga magariba. Aka kuma tura Baba aiki can wani daji mai nisa inda ba sabis, sai ya yi makonni bai kira ba. Mama ta koma soke waya a ƙugun zaninta, da ita take daka, da ita take shiga coci, in ta yi motsi kaɗan ta zabura ko da saƙon kamfani ne. Saja ya rage magana. Yakan zauna a falo da rana tsaka yana kallon talabijin a kashe. Ganin haka na ce a raina, ni Kofur, zan nemo faifai na biyu in dawo da Lahadi gidan nan.

Na ɗauki gidan faifan na nufi kasuwa wurin mai sayar da fina-finai, wani dattijo mutumin Argungu da a da rumfarsa ke kama da bangon hotuna. Na tarar da shi a tsakiyar caja da murafun waya, yana tura wa samari waƙoƙi a memori. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Faifai?" ya ce. "Ɗiyata, wa ad da abin kunna shi yanzu? Mi as sunan fim ɗin?"

"Ban sani ba, Baba. Akwai jirgi, akwai kuka."

"Kin ko taɓa ganin na Indiya da babu jirgi da kuka?"

Na miƙa masa gidan. Ya share ƙurar da hannun riga, ya daɗe yana kallon yarinyar mai tulu kamar ya ga wata 'yar garinsu. Sannan ya ɗauki hoton bangon da wayarsa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya juyo mini da ita. Ga ta nan tana zagaya bishiya.

"Ga shi, cikakke, hab bisa ƙarshe. Amma wanga ko Kano kika tahi ba ki samun shi ga faifai. An bar buga su tuni. Tsohin finahinan ga duk sun koma sama, can aka kallon su."

"Sama ina?"

"Inda babu ɓera, babu tsatsa." Ya karɓi tsohuwar wayar da Mama ta bar mini, ya nuna mini inda zan taɓa. "Gaishe min da Saja. Ki ce mai har yanzu ina bin shi labarin kada."

A nan na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Mai hankali zai fara kallo kafin ya buɗe baki. Ni kuwa daga kasuwa zuwa gida ba wanda ban gaya wa ba. Na gaya wa masu markaɗe, na gaya wa matan zumunta, na gaya wa yaran bakin shago, ina jin har wata akuya na tsayar na shaida mata. Ranar Lahadi bayan azahar, falon Saja, faifai na biyu, kowa zai ga golmon Indiyawa da idonsa. Na shiga gida na tarar da Saja yana wasa lauje a gindin mangwaro, na ƙame na sara masa na ba da rahoto.

Hannunsa ya tsaya a kan dutsen washi. "Cikakke?"

"Har ƙarshe, Saja. Har kadan."

"To. Madalla, Kofur." Ya ci gaba da wasa laujen da tuni ya yi kaifi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Lahadin nan mai yiwuwa in leƙa Mahuta dubiya."

Ba mu da mara lafiya a Mahuta. Na ɗauka kishin waya yake yi, na yi dariyata na wuce.

Ranar Asabar da la'asar zumuɗi ya hana ni jira. Na hau dutsen bayan gidanmu, inda sabis ya fi ƙarfi, na zauna a kan wani falalen da rana ta ɗumama, na ja fim ɗin da yatsa har tashar jirgi. Jirgi ya yi kuka, gyale ya faɗi, hayaƙi ya tashi. Jikina na jiran shuɗi, sai shuɗi bai zo ba. Hayaƙin ya washe, yarinyar ta sunkuya ta ɗauki gyalenta. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar a ce bangon ɗakin da ka girma a ciki ya buɗe, ka ga ashe akwai wani ɗaki a bayansa. Na yi ta kallo ina jiran kada. Ba kada. Yaƙin ma gajere ne, duhu da ƙara da laka. Sai wasiƙu, sai damina, sai yarinyar tana zuwa tasha tana komawa. Can sai ga jirgi. Ƙofa ta buɗe. Sojoji biyu suka sauko da akwatin ƙarfe, da hula a kansa, suka ajiye a gaban wata tsohuwa, suka sara mata. Wannan ban nemi mai fassara ba. Akwatin irin na Baba ne, har kwaɗon.

Na kife wayar a kan dutse. Daga inda nake ina hango tsakar gidanmu, ƙarama kamar faranti. Mama tana kwashe shanya. Ta ɗauke riga ɗaya, ta taɓa ƙugunta, ta ɗauke ta biyu, ta sake taɓawa. Gobe unguwa guda za ta cika falonmu, Mama za ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba, ni kuma da yatsana zan sauko mata da akwatin nan. Saja kuma zai zauna a gaban yaran da suka yi shekaru suna cika masa randa, ya zama tsohon da ya yi ƙarya.

Ban koma gida ba, na gangara gona, don dawa ta fara yin ido kuma na san Kaka tana can korar tsuntsaye. Gonarmu a irin wannan lokaci tana da kyau kamar an yi mata kwalliyar biki. Igiyoyi ne a miƙe daga rumfar Kaka zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da matattun faya-fayai, iska na juya su, suna walƙiya ja da kore da ruwan zinare a kan zangarniya. Nan duk fina-finan unguwarmu suka ƙare, 'yan dambe da 'yan rawa da masu bindiga, suna gadin dawa. Kaka ta dubi fuskata sau ɗaya ta matsa mini wuri.

"Kin je kin gani," ta ce da yarenmu, wanda ba ta yi mini sai magana ta yi nauyi.

"Kaka, bai dawo ba."

Ta jawo wata igiya a hankali, gwangwanaye na kuka, har wani faifai ya iso hannunta. Rana ta cinye shi ya yi fari, gefensa ya tsage. Ta goge shi da bakin zani ta miƙo mini. Sai da na karkata shi sannan na ga lambar, ta kusa shuɗewa. Biyu.

"Ina amarya a bariki na gan shi," ta ce. "Da cikin ubanki. Kakanki yana bakin daga, wata biyar ba wasiƙa. Mu matan sojoji muka ce mu je silima mu manta. Silimar ba rufi, muna ta dariyar waƙoƙin. Da aka tashi, mu goma sha, har muka isa bariki ba wadda ta yi magana." Ta ja igiya, wani garken tsuntsaye ya tashi. "Ranar da ubanki ya juye ledar nan na gane yarinyar mai tulu. Ga uwarki zaune da goyonki. Kafin ya gama kwance kaya na jefa wannan a kwandona."

"To Saja fa? Sau uku ya ce ya kalla."

"Ina ya gan shi? Lokacin yana can inda ake yin na gasken. Lahadin farko da abin ya tsaya yara suka fashe da kuka, suka zuba masa ido. Sai ya tashi."

"Ya san ke kika ɗauke?"

"Shekara nawa yana noma a ƙarƙashinsa. Bai taɓa ɗaga kai ya tambaya ba."

Na ce to yanzu me zan yi. Ta karɓi faifan ta mayar da shi igiya ta sake shi, ya tafi yana lilo.

"Ni nawa na rataye shi," ta ce. "Ke naki a ina za ki rataye?"

Ranar Lahadi falonmu ya cika yadda bai taɓa cika ba. Waɗanda suka yi gemu sun zo, waɗanda suka yi aure sun zo da goyo, kuma abin mamaki, ba wanda ya ce a yi, na tarar randunanmu cike har baki. Saja bai je Mahuta ba. Ya yi wanka, ya kafa hula tun kafin a fara, ya zauna a miƙe kamar mai jiran hukunci. Ɗan maƙwabcinmu da ya shiga kwaleji ya dawo da gilashi a ido shi ya haɗa wayata da talabijin. Abu na farko da na yi shi ne kashe rubutun turancin da ke fitowa a ƙasa, don na karanta shi a kan dutse, kuma ba akuya ko ɗaya a ciki. Aka fara. Saja yana fassara can ƙasa-ƙasa, sai da yarinyar ta gama doguwar waƙarta falo gaba ɗaya ya riga shi, "Ta ce ina kwana." Ya ɗan yi murmushi.

Aka zo tasha. Jirgi ya yi kuka. Gyale ya faɗi. Na ga inuwar Mama a bakin ƙofa. Hayaƙi na tashi na danna yatsa.

"Sabis ya ɗauke," na ce.

Na yi wasan da ya kamata a ba ni kyauta. Na ɗaga wayar sama, na kai ta taga, na hau kujera, na zagi kamfanin har kakanninsa. Sai mai gilashi ya ce, "Bar wahalar da kanki, Kofur, nawa cike yake. Ai na ga sunan." Ya zaro tasa. Wasu uku suka zaro nasu. A nan na gane tambayar Kaka. Abin da ke sama ba shi da huji a tsakiya, ba igiyar da za ta riƙe shi. Na tsaya a kan kujera kamar kazar da aka jiƙa, ina kallon yatsunsu.

"Ku mayar da waɗannan aljihu."

Kaka ce, da Hausa, daga bakin ƙofa, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Kowa ya waiwaya, don da yawansu ba su taɓa jin muryarta a falon nan ba.

"Ni na ga fim ɗin nan da idona tun ba a haifi iyayenku ba. Saja, jirgi ya wuce, me kake jira? Tashi ka faɗa musu. In ka yi kuskure ina nan."

Wani ya fita ya kashe janareta, ban san ko wane ne ba. Shirun nan na da ya sauko, da kurciyarsa da komai. Saja ya dafa gwiwa ya miƙe. Da farko abokan gaba ma goma sha biyu kacal ya ba su. Amma da ya iso kogi sai kada ya taso, daga nan ya dawo Sajan da muka sani. Ya sa hannu a baki ya yi kukan jirgi. "Sai ga jirgi," ya ce. "Ƙofa ta buɗe." Sai ya tsaya. Ya juya ya dubi Kaka, ya daɗe yana dubanta.

"Ya dawo mana," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ci gaba."

Na ji Mama ta sauke numfashi. Ba ta koma madafa ba, ta zauna a dokin ƙofa kusa da Kaka ta ɗebi gyaɗa.

"Ya tara abokansa," in ji Saja, "suka shiga gonar surukinsa. Shekara bakwai."

"Takwas," in ji Kaka. "Ta farko duk kunyoyin a karkace suke kamar tafiyar maciji, tsohon ya ce ba ta shiga ba."

"Ruwa ne ya yi yawa a shekarar."

"Ruwa ko kallon 'yar mutane?"

Falo ya tuntsire da dariya, har goyo suka farka. Na saci kallon mai gilashi, wayarsa na kan gwiwarsa, fuskarta ta mutu, shi kuma bakinsa a buɗe kamar lokacin da yake zuwa da bokiti. Na san wasunsu sun je sun kalla daga baya, don abin yana nan sama, ba ya tsatsa. Amma har yau ba wanda ya kawo maganar gidanmu. Baba kuma bai zo ba tukuna. Ya kira ranar Laraba, muryarsa na yankewa, ya ce a ajiye masa sabuwar dawa.

Da mutane suka watse a ranar, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ni da Saja muka tsaya naɗe wayar janareta, shi yana riƙe da baki ɗaya, ni ina naɗewa a gwiwar hannu.

"Kofur."

"Saja."

"Kin kalla?"

"Na kalla."

Ya daɗe yana kallon wajen gona, inda wani abu ke walƙiya can a kan dawa.

"Gonar surukin nan," ya ce. "Ta kai yadda na faɗa?"

Na saki wayar na ƙame. "Ai ragewa ka yi, Saja. Tun jiya na bar su suna noma, har yanzu ba su kai ƙarshen kunyar farko ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka na zata."

Sai ya cire hular ya kifa mini a kai, ta zurmo har hancina, tana warin man gyaɗa da tsohon faifai. Daga cikin duhunta na ji takunsa yana tafiya, yana cewa in leƙa randa kafin Lahadi.